Ranar da Na Jire wa Bitrus Rumfa a Jamus

Mutane kan tambaye ni yadda aka yi mai sayar da albasa a kasuwar Bodinga ya je Jamus tallan wasa. Ni ma in na tuna sai in ga kamar wani aka aika, ba ni ba. Maganar biza da hawan jirgi ku bar ta, ba ta da daɗin ji. Abin da ya kamata ku sani shi ne kayan da na ɗauka da sharaɗin da na baro a gida.

Shekara huɗu kafin tafiyar, taubashiyata Hauwa, 'yar gwaggona ta Shagari da ke aikin jinya a Jamus, ta zo hutu da wani ƙaton littafin wasa na Turawa. Irin wasan nan ne da mutum biyar ko shida za su kewaye tebur, ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya zama wani mutum a cikin labarin. In ka ce za ka yi wani abu, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo a ga ko ka dace. Yara ta kawo wa, ni na ƙwace. Muka gwada a rumfa bayan la'asar, ranar da ba kasuwa. Labarin duk na takobi ne da dodanni. Da muka kashe dodon farko, wana Yaya Mode, wanda muke rumfa ɗaya da shi, ya leƙo ya ce, "To, kun kashe. Hwatar nawa aka saye?" Muka duba littafin gaba da baya, babu farashin fatar dodo. Nan take wasan ya zube a idon jama'a.

Shi ya sa na zauna na rubuta namu, na sa masa suna Madugu. Kowa falke ne, a ɗora wa jakuna albasa da gishiri a tashi daga Shagari zuwa kasuwanni masu nisa. Akwai ciniki, akwai gaida mai gari, akwai gulbi, akwai jakin da zai toge a tsakiyar hanya. Maimakon ƙwayar ludo, ƙwallon dabino shida muke jefawa, kowanne an ƙona masa gefe ɗaya da ƙusa mai zafi. Tun ina yi don raha har ya zama in ban ja labari ba a mako sai in ji kamar ban ci abinci ba. Hauwa ta taya ni mayar da shi Turanci, aka buga mini guda ɗari a Sakkwato, kowanne da 'yar jakarsa ta fata. Sai ga shi ta samo mini tebur a wata babbar kasuwar wasanni da ake ci kwana uku a can.

Yaya Mode bai yi dariya ba. A gaban mutanen layinmu ya ce, "Lokacin albassa na za ka bar man rumhwa ka tahi wasa. To ji nan, Nasiru. In ka dawo da littahinka ko guda cikin jikkar ga, an gama. Ka aje ƙwallayen ga ka kama sana'ar ubanmu kamar kowa." Da yake bakina ya fi ni sauri, na ce na yarda.

Zangon farko da na sha wuya shi ne wurin masu binciken kaya. Wani dogon ma'aikaci ya buɗe jakata ya ɗauke kilishin da na yi wa Hauwa tsaraba, ya ce ba a shiga da nama. Na haƙura. Sai ya zazzage 'yar jakar fata guda a tafin hannunsa, ya dube ni.

"Mene ne wannan?"

Na ce kayan wasa ne. Ya ce shi dai iri yake gani, kuma ba a shiga ƙasarsu da iri sai da takarda. Na rantse masa ba shuka na zo yi ba, kuma ko da na shuka, wane dabino ne zai yarda ya fito a wannan sanyi? Bai ko murmusa ba. Ina tsaye suka zazzage jaka ɗari ɗaya bayan ɗaya, ƙwallo ɗari shida da na yi wata biyu ina ƙonawa suka tafi cikin leda.

Hauwa ta yi dariya tun daga filin jirgi har gida. "Kai kaɗai na mutumin da anka tare a Turai don abin da kowa ka tohwarwa," in ji ta. Da ta ga idona ya kawo ruwa ta bari, ta ce in kwantar da hankalina, ai akwai shagon wani Baturke a unguwarsu. Muka sayo dabino kwali uku. Ni da ita da mijinta muka zauna ci kamar aikin gayya. Kafin mu kai ɗari haƙorana sun fara tsami, mijin kuwa ya miƙe ya ce shi yana da aiki gobe. Ranar Juma'a na ɗauki sauran zuwa masallaci, na tsaya a ƙofa ina miƙa wa kowa, ina cewa, "Ci ka ba ni ƙwallon." Turkawa, Larabawa, mutanen Gana, babu wanda ya tambaye ni dalili sai wani tsoho, shi ma da na yi masa bayani sai ya ci bakwai don ya taimaka. Ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, amma har yau ina sa su a addu'a. Wajen ƙonawa kuma hayaƙi ya tayar da wata ƙararrawa a kicin, maƙwabta suka fito da kyanwoyinsu a hannu. Hauwa ta ce in na ƙara kwana goma a gidanta za a kore ta daga ƙasar.

Zango na biyu shi ne kasuwar kanta. Rumfa ɗaya ce rufaffiya, amma za ta haɗiye kasuwar Bodinga da tasharta. A tsakiya wani kamfani ɗaya ya kafa nasa, shi ne mai littafin nan na dodon da ba shi da farashin fata. Sun rataye dodon roba da ya fi tirela tsawo, mutane kuwa sun yi layi kamar ana rabon taki. Gefensu wasu kamfanoni biyu ko uku ne masu ɗan ƙarfi, suna ta rage kuɗi da ƙure sauti don su janye masa jama'a. Mu ƙanana an jera mu can ƙurya, kusa da bayi. Duk wanda ya zo wajenmu, to matsuwa ce ta kawo shi.

Maƙwabcina wani dattijo ne daga Foland, mai gemu kamar tsintsiyar laushi. Sunansa ya gagari harshena, da ya ce daidai yake da Bitrus sai na riƙe wannan. Wasansa na kwaɗi ne da ke shari'a a cikin tafki, akwai alƙali, akwai lauya, duk kwaɗi. Shekara goma sha ɗaya yana yawo da shi kasuwa kasuwa. Ya jera wasu 'yan kwaɗin katako goma sha biyu a gaban littattafansa. Na gaishe shi, na tambayi gajiya, na tambayi iyali, ina shirin tambayar sanyi sai na ga ya ɗauko salatif yana manna layi a ƙasa tsakanin teburinsa da nawa.

Da na tambayi dalili sai ya ɗauki burodin da zai ci ya ɓalle fiye da rabi ya ajiye gefe. "Wannan na masu dodo ne." Ya ɓalle mafi yawan sauran. "Wannan na waɗancan ukun." Ya nuna ɓurɓushin da ya zube a tebur. "Wannan namu ne, mu ɗaruruwa. Duk wanda ya sayi naka, bai sayi nawa ba. Saboda haka kada ka yi wa mutanena magana."

A raina na ce wannan bai taɓa zaman kasuwa ba. A layin 'yan albasa mu fi talatin, kaya iri ɗaya, kuma don mun taru ne motoci ke zuwa.

Ranar farko ban sayar da ko ɗaya ba. Ina gaida mutane suna ƙara sauri. Na ci burodi mai sanyi da wani cuku mai warin takalmi, na tuna a daidai wannan lokaci ana sauke tuwo da miyar sure a gidanmu. Ba yunwar ce ta fi damuna ba. Wuni guda cur babu wanda ya ce mini sannu, kuma wallahi na ji kewar har tsawar Yaya Mode.

Da yamma wani mai kwat ya tsaya, ya juya littafin, ya yi murmushi mai yawa. Ya ce shi wakili ne, yana nemo wa manya sababbin wasanni, kuma zai kwashe ɗarin gaba ɗaya. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Ya ce 'yan gyare-gyare ne kawai: jakuna za su zama dodanni masu fiffike, albasa ta zama duwatsun tsafi, gaisuwa kuma a cire ta don tana cin lokaci. Ya bar mini takarda shafi tara, ya ce zai dawo ranar ƙarshe da azahar in sa hannu. Na karanta shafin farko kaina ya yi zafi. Abin da na fahimta kawai shi ne jakata za ta koma gida wayam, Yaya Mode ba shi da ta cewa.

Rana ta biyu na yi aika-aikar. Wajen hantsi Bitrus ya kafa wani ɗan kwali mai cewa zai dawo a teburinsa ya tafi neman abinci. Sai ga mutum biyu sun tsaya suna duba kwaɗi, suna waige-waige. To ni tun ina shekara tara aka koya mini cewa in maƙwabcinka ya tashi, rumfarsa tana wuyanka. Ba ya ma sai ya ce maka komai. Mai saye ya zo ya tafi a kan idonka, abin kunya ne gare ka, ba gare shi ba. Ƙafata ta tsallake salatif kafin kaina ya yi shawara.

Na kife kwalin, na gyara hula, na buɗe murya irin ta ranar kasuwa. Ban san dokar wasan ba, amma wa ya taɓa tambayar mai albasa yadda ake miya? Na ce ga kwaɗon da ya fi lauyan garinku gaskiya. Mutane suka fara tsayawa. Wani ya miƙo kuɗi daidai yadda aka rubuta, na ji tausayinsa na ce ya taya tukuna. Ya taya rabi, na dafe ƙirji na ce, "Albarka!" Suka tambayi ma'anarta, na ce haka muke ƙin tayi ba tare da mun ɓata wa mai saye ba. Kafin a jima layi guda na ta ihun albarka suna dariya. Na sayar da tara. Kuma da yake ba a sallamar mai saye hannu biyu ba gyara, duk wanda ya ɗauki biyu, ko ya yi mini fara'a sosai, sai in ɗora masa kwaɗon katako ɗaya.

Bitrus ya dawo na miƙa masa kuɗinsa ina jiran godiya. Ya dubi kuɗin, ya dubi tebur, ya ƙirga kwaɗi. Bakwai. Fuskarsa ta yi ja kamar albasar Mandera.

"Ina alƙali? Ina lauyoyina?"

Ashe ba na sayarwa ba ne. Da hannunsa ya sassaƙa su, kowanne mako guda, kuma da su yake nuna wasan. Ya ce da gangan na yi don in karya shi, ya ce zai kira masu kasuwa. Na yi ta ba shi haƙuri, ina cewa a garinmu haka ake yi, wanda bai jire maka rumfa ba shi ne maƙiyinka. Bai saurare ni ba. Ya zauna ya dafe kai, sai na ga tsoho ne kawai da ya yi nisa da gida kamar ni. Kunya ta rufe ni.

Na kwashi littattafaina na shiga kasuwa farautar kwaɗi. Ku yi tunanin mutum da babbar riga yana kutsawa cikin dubban jama'a, rabinsu sun yi shigar aljanu da mayaƙa, yana leƙa ledar kowa. Na sami alƙali a hannun wani ƙato mai ƙahon roba a layin masu dodo. Na sami lauya biyu wajen masu cin tsiren alade, na tsaya nesa ina yi musu alama da hannu. Kowa na ba shi Madugu ɗaya kyauta ya ba ni kwaɗo. Kafin a tashi na dawo da huɗu. Na biyar yana wurin wata mata mai farin gashi, ita kuwa ƙasa ta haɗiye ta. Na jera su a gaban Bitrus. Ya dubi gibin da ke cikin littattafaina, ya mayar da kwaɗin wurinsu.

Rana ta uku na riga na yanke shawara zan sa wa mai kwat hannu. Raina ba ya so, don Madugu ba jaki ba gaisuwa ba nawa ba ne. Amma in na koma da littattafan ma na rasa shi, gara in rasa shi da mutuncina. Da azahar ta yi na ajiye takardar a tebur, na tafi wani lungu da aka ware don salla. Ban kafa kwali ba, ban kuma ce wa kowa komai ba, don ban saba ba.

Ina dawowa na hangi taro a ƙuryarmu, na ce shi ke nan, bayi ya lalace. Da na matso sai na ga Bitrus zaune a kujerata, ya tura hulata da na bari a ƙeya, mutum shida sun kewaye shi, wasu na tsaye a bayansu. Ya jingina teburinsa da nawa, salatif ɗin yana ƙarƙashin ƙafar mutane. Kwaɗinsa ne fatake. Yana ta yi wa wani saurayi faɗa cewa ba a shiga gari a tambayi farashi kafin a gaida mai gari, ya koma ya sake sallama. Ashe ya ɗauki littafina guda ya karanta a masaukinsa. Sauran dabinon Juma'a kuma yana ta rabawa, duk wanda ya saya a ɗora masa uku.

A cikin masu wasan har da matar nan mai farin gashi. Ta ji labarin wani Bahaushe na neman kwaɗo, ta dawo da shi, sai ta shiga wasan, jakinta ya toge a bakin gulbi ta kasa tashi.

Na raɗa wa Bitrus, "Mai kwat fa?"

"Ya zo."

"Me ka ce masa?"

Ya dafe ƙirji yadda ya ga na yi. "Albarka."

Na ce ya kashe ni. Ya jawo takardar ya buɗe shafi na bakwai ya sa yatsa. Ya ce duk wanda ya sa hannu a nan, sunan wasan da labarinsa da duk abin da zai rubuta a kansa nan gaba sun zama na mai kwat, kuma ba dole ne ma ya buga shi ba. Irinsu sukan saye ƙananan wasanni su rufe a akwati don kada su tare wa manya hanya. "Kwaɗi wasana na biyu ne," in ji shi. "Na farkon yana cikin akwatin wani mai kwat. Kai ka ce wanda ke jiran rumfa shi ke ciniki. An yi mugun tayi, na ƙi."

Matar tana da shagon wasanni a wani gari, ta ɗauki arba'in. Muka sayar da wasu kafin a tashi, har da ƙaton nan mai ƙahon roba da ya dawo da abokansa. Masu dodo dai ko a jikinsu, ban jin sun ma san mun zo. Da aka fara naɗe tebura saura ashirin da bakwai a gabana, na zauna ina kallonsu kamar marayu. Na ba Bitrus labarin Yaya Mode da sharaɗinsa. Ya ja gemu, ya kwashe su ya zuba a akwatinsa, ya ce akwai wata kasuwar a ƙasarsu wata mai zuwa, zai jire mini. Sannan ya cika jakata da littattafan kwaɗi. "Kai ma ka jire mini a Bodinga." Alƙalin katako kuma ya sa mini a aljihu, ya ce gyara ne.

Na iso Bodinga ranar kasuwa da la'asar. Rumfarmu fes, ko buhu ɗaya bai rage ba. Yaya Mode ya amsa gaisuwata a taƙaice, ya sa hannu ya ɗaga jakar. Nauyinta bai ragu da komai ba. Mutanen layi suka zuba mana ido. Ya zuge, ya ciro littafi, ya daɗe yana kallon kwaɗo da hular alƙali.

"Wanga hwa?"

"Na maƙwabcina na, Yaya. Jira nika yi mai. Nawa ashirin da bakwai na wurinai."

"Ba a saishe su ba ke nan."

"Ba a saishe su ba."

Na sunkuyar da kai, don ban iya yi masa ƙarya, kuma na san in ya ce an gama, an gama. Ya mayar da littafin ya zuge jakar. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro wata tsohuwar jakar fata, wadda muke wasa da ita a rumfa, ya jefa mini a cinya.

"Albassa na jire ma, ta ƙare tas. Amma waccan rumhwar taka ta gagare ni. Mutanen ga sunka matsa man sai in ja masu labari. Jakkai bakwai na kashe a gulbi guda, Alhaji Sambo ya bar gaisawa da ni." Ya jawo tabarma da ƙafa, ya zauna, ya tanƙwashe. "Nawa jakin na nan bakin ruwa kwana goma sha biyu. Zamna ka ƙetarar da shi, kahin a kira magariba."